Motar da Za Ta Ja Injin Baba

Litinin, bayan makaranta

Yau ma injin kwaɓa kankaren yana ƙofar gida, an lulluɓe shi da tamfol, tayoyinsa sun fara sacewa. Tun da Baba ya dawo daga asibiti ba a motsa shi ba. Aikin Baba ke nan tun kafin a haife ni: ya ɗaura injin a bayan mota, ya ja shi zuwa inda ake gini, ya kwaɓa musu, ya jawo abinsa gida. Yanzu ga inji, babu mota. Tsohuwar, tun ranar hatsarin, tana garejin Baba Dogo, makaniken da suka taso tare da Baba, kuma ya ce ba ta gyaruwa, sai dai a sayar da ita a ƙarfe. Ban je na gan ta ba. Ba na so.

Injiniyan da Baba ya fi yi wa aiki ya kira ɗazu. Zai fara sabon gini farkon wata, can saman tudu, hanyar babu kwalta, ga damina ta kankama. Ya ce zai jira Baba zuwa lokacin, in bai samu mota ba dole ya ba wani aikin. Baba ya ce, "Haba ranka ya daɗe, mota ai ta kusa." Da ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon bango.

Umma ta ce daga gobe in riƙa bin shi wajen dillalai idan na taso, wai don in karanta masa abin da aka rubuta da Turanci a jikin motoci. Baba ya fi ni iya Turancin mota. Na ce to.

Talata, da yamma

Na gaji, ƙafafuna har zafi suke.

Filin dillalan babba ne, motoci jere a rana, kowacce an wanke ta tana ƙyalli. Wanda ya tare mu ana kiransa Ba-Matsala, kuma ba a daɗe ba na gane dalili. Kawu, ƙanin Umma, ya riga mu zuwa, ko da yake ba wanda ya gayyace shi. Yana ganina ya ce, "A'a, har da Malama? To yau dillalai sun shiga uku." Na sunkuyar da kai.

Baba ya ce motar ja ba a kallon fuskarta. Dole ta zama mai jan ƙafa huɗu, wato duk tayoyin huɗu suna ja, saboda taɓo. Ya ba ni fitilar waya ya ce in durƙusa in leƙa ƙasa, in faɗa masa ko akwai tsatsa, ko inda mai yake ɗiga. A da shi yake kwanciya da kansa. Ya nuna mini ƙugiyar baya, ya ce in ta goge ta yi sulɓi, motar ta ƙare rayuwarta tana jan kaya, komai kyan fentinta. Mitar da ke ƙirga tafiyar mota kuwa ƙarya take yi, ana juya ta. A duba robar birki da ta kuloci, su ba su iya ƙarya ba.

"Kuma Mamana," ya ce, don haka yake kirana, "dole motar ta fi kayan nauyi. In kaya suka fi mota, a gangare su ne direba."

Sai Kawu ya yi sauri ya kawo zancen tsadar taya.

Mun ga motoci da yawa. Ba-Matsala ya miƙa wa Baba makulli sau da dama, shi kuma ya ce ba yau ba.

Laraba, da safe kafin makaranta

Ban yi aikin gida na lissafi ba. Barci ya kwashe ni a kan littafin.

Alhamis, da yamma

An samu wata fara. Kowa ya yarda da ita, har Baba Dogo, wanda ba ya yabon komai. Ya sa aka bar ta ta huce tukun sannan aka tayar, ya ce dillali mai wayo yana ɗumama inji kafin mai saye ya iso. Ta tashi bugu ɗaya. Ya tsaya bayan salansa yana kallon hayaƙin, ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ba ta san wahala ba tukun."

Dizal ce, giyar hannu, babu tarkacen wayoyi a cikinta, kayan gyaranta ko a ƙauye ana samu. Mai ita yana sauri zai yi tafiya, shi ya sa kuɗin ya yi sauƙi. Kawu ya ja Baba gefe yana raɗa da ƙarfi yadda kowa ke ji: "Yaya, kada ka nuna kana so. Ka ɓata rai. Ka ce fentin ya dushe."

Ba sai an koya wa Baba ɓata rai ba. Ya ce kujerar ta yi tauri. Ya ce farar mota ba ta ɓoye datti. Baba Dogo ya kalle shi ya ce, "Kai da ka shekara goma sha kana zama a kan katako da tsumma, yau kujera ce ta yi maka tauri?" Aka yi dariya. Baba ma ya yi, kaɗan.

Mun dawo ba a yi ciniki ba. Umma ta tambaye ni a kicin, na ce wai kujera. Ta ci gaba da yanka albasa.

Asabar, da rana

Mun koma wajen farar, ni da Baba kawai. Ya ce yana so ya sake duba ƙugiyar.

Ba-Matsala ya bar mana makulli ya tafi wajen wani mai saye. Baba ya aike ni sayo ruwa. Shagon yana kusa, na dawo da wuri, ta bayan motar. Yana zaune a kujerar direba, ƙofa a buɗe, bai tayar da injin ba. Ya ɗora ƙafarsa ta hagu a kan kuloci ya taka. Ya shiga rabi, sai ƙafar ta fara rawa. Ya sa hannu biyu ya danne gwiwar, ya shige. Ya saki hannun, kulocin ya dawo da ƙafar sama. Ya sake. Ya sake. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa.

Na koma shagon na tsaya kamar ina jiran canji. Mai shagon ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya.

Da na dawo yana tsaye a waje. Ya ce, "Ƙugiyar nan ban yarda da waldarta ba." Na ce to, Baba.

A gida yana tafiya daidai, sai ɗan ja da yake yi idan ya gaji. Kowa yana cewa ya warke sarai. Ni ma na faɗa, ga maƙwabta, ga malamarmu.

Lahadi, da yamma

Na wanke kayan makaranta. Na goge. Ba abin da ya faru.

Litinin, bayan makaranta

A makaranta ana karanta mana yadda jini ke zagaya jiki, na nemi izini na fita. Na zauna bayan ɗakin karatu har aka tashi.

Na ari wayar Umma na yi ta karanta abin da mutane suka rubuta kan motocin ja. Kowa da nasa. Wani ya ce giyar hannu ko babu komai, wani ya ce wancan bai san zamani ba. Suna zagin juna a kan giya. Kaina ya yi ciwo.

Talata, da yamma

Da ma ban buɗe baki ba.

Muna garejin Baba Dogo, suna zaune a benci, shi da Baba da Kawu, ana ta maganar farar. Ba-Matsala ya aiko cewa wani ya taya, in ba a yi sauri ba za ta tafi. Baba Dogo ya ce duk dillali yana da wani da ya taya, amma wannan karon yana iya zama gaskiya. Ni ina gefe a kan wata tsohuwar taya. Ban san lokacin da na ce ba: "Baba Dogo, otomatik ba ta iya jan kaya ne?"

Kawu ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Motar masu zuwa ofis? Malama, wannan ai ta ragwaye ce. Ki ɗaura mata injin nan, kafin ki kai rabin tudu giyar ta dahu. Ga tsada wajen saye, ga tsada wajen gyara. Tambayi babanki, shi ya fi kowa zaginta."

Gaskiya ne. Tun ina ƙarama nake jin Baba yana cewa wanda ba ya taka kuloci ba direba ba ne, fasinja ne da aka ba sitiyari.

Baba Dogo bai yi dariya ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Tana ja. Babbar, ba ƙaramar ba." Ba ni yake kallo ba.

Baba ya miƙe ya ce, "Tashi mu tafi." Har gida bai yi mini magana ba. Ina bin shi a baya, ina jin takalminsa na hagu yana gogar ƙasa.

Laraba, da yamma

Baba ya ce ba sai na bi shi ba yau. Bai fita ba ma.

Alhamis, da yamma

Na kai masa shayi, ya ce in ajiye. "Ajiye" kawai, babu Mamana.

Juma'a, da yamma

Kawu ya zo da shawara. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, taga a buɗe, ba laɓe na yi ba.

Ya ce a sayi farar kafin ta kuɓuce, shi zai riƙa tuƙawa, tunda kasuwarsa ba ta tafiya. Baba ya zauna a gefe ya nuna hanya, ko ma ya huta a gida, a raba abin da aka samu. Ya faɗa da kyakkyawar niyya, na san Kawu. Ashe shi ma ya sani. Ashe kowa ya sani.

Baba ya ce, "Wato a ɗaura inji a baya, a ɗora ni a gaba. Kaya biyu."

"Haba Yaya, ba haka nake nufi ba."

"Kai da ko amalanke ba ka taɓa ja da baya ba?"

Umma ta ce, "Malam, ka saurare shi mana. Wata ya kusa ƙarewa. So kake a sake kiran mu a waya irin ta ranar nan?"

Sai na ji an rufe tagar.

Na tsince shinkafar nan har ta wuce tsinta.

Asabar, da safe

Ruwa tun asuba. Tamfol ɗin ya yaye, na fita na gyara, na dawo sharkaf. Umma ta yi mini faɗa, daga baya ta ba ni zanenta na lulluɓa.

Lahadi, da rana

Farar ta tafi. Ba-Matsala ya kira Kawu, Kawu ya kira Umma. Ta faɗa wa Baba yana cin abinci. Ya ce, "Allah ya sa rabonsa ce." Ya ci gaba da ci, kuma na lura ya cinye, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Injiniya ya turo saƙo yana tambaya. Baba bai amsa ba.

Litinin, bayan makaranta

An ba mu sakamakon gwaji. Ban taɓa samun mummunan maki irin wannan ba. Malama ta ce in gan ta, na ce to, ban je ba.

Ina cire takalmi Baba ya kira ni daga ɗaki. Yana kwance yana kallon silin.

"Mamana, abin nan da kika tambayi Dogo. Me mutanen wayar suka ce?"

Na faɗa masa abin da na riƙe. Wai zafi ne ke kashe giyar, don haka a ƙara mata wani ƙaramin lagireto na sanyaya man giya. Wai a sansana man, in yana warin ƙuna a gudu. Wai a tudu da gangare kada a bar ta ta zaɓi giya da kanta, a riƙe ta a ƙarama.

Ya ce, "Duk Dogo ya faɗa mini wannan tun ina asibiti."



"Je ki ci abinci," ya ce.

Laraba, da yamma

Otomatik guda ɗaya ce a duk filin da ta kai girman da ake so. Ruwan ƙasa, ta girmi farar, kujerar baya a yage, madubi ɗaya an ɗaure shi da waya. Kuma ta fi farar kuɗi. Na kasa gane wannan, Baba Dogo ya ce masu kuɗi ne ke neman irinta don matansu su kai yara makaranta, su suka ɓata farashin. Ya ce amfanin hakan ɗaya, ƙugiyarta sabuwa ce fil, ba ta taɓa jan ko akuya ba.

Ya sansana man giyar, ya miƙa wa Baba, shi ma ya sansana. Ba su ce komai ba, wato babu laifi.

Baba Dogo ya ce wa dillalin ba za a yi maganar kuɗi ba sai an gwada ta da kaya. Motar ja da aka gwada babu kaya ba a gwada ta ba. Ba-Matsala ya ce ba matsala, amma fuskarsa ta ce akwai. An tsayar gobe.

A hanya Baba Dogo ya yi ta jan kunnen Baba. "Kada ya gane ita kaɗai ce za ta yi maka. Yana ganewa kuɗin ya tsaya cak. Ka ce yarinya ce ta matsa." Ni ce yarinyar.

Alhamis, da yamma

Zan rubuta duka ko da hannuna ya gaji.

An kawo motar ƙofar gida, aka yi wa tayoyin injin iska, aka ɗaura. Maƙwabta sun fito. Kawu ya karɓe makulli ya ce bari ya fara taɓawa, kada a ce ba a gwada ta hannun direban gaske ba. Baba ya bar shi. Ba-Matsala ya zauna a gaba, ni da Baba da Baba Dogo a baya.

Mun tafi lafiya har kwanar gidan mai. Nan Kawu ya zo rage gudu, ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci kamar yadda ta saba, ta samu birki, ta take shi har ƙasa. Motar ta tsaya cak, injin ya daki ƙugiya ta baya, ƙau! Goshin Ba-Matsala ya gaisa da gilashi, hularsa ta faɗa ƙasa. Ni na tsinci kaina a tsakanin kujeru.

"Wace irin mota ce wannan!" in ji Kawu. "Birkinta faɗin tabarma!"

"Akwai matsala," in ji dillalin, yana dafe da goshi.

Baba Dogo ya yi dariya har hawaye. Ya ce duk tsohon direba sai ya yi wannan, shi ya sa ake ce musu su naɗe ƙafar hagu a ƙarƙashin kujera, wasu har ɗaure ta suke yi da igiya sati guda. Sai ya juya ya dubi Baba, ya ce, "Kai kam an riga an ɗaure maka taka. Fito ka nuna wa yaron nan."

Ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa. Na zaci zai fita ya kama hanyar gida.

Baba ya ce, "Dogo, Allah ya shirye ka." Ya buɗe ƙofa ya zagaya.

Ya gyara kujera, ya gyara madubin da ke ɗaure da waya. Ya sa hannu ya ɗaga ƙafar hagu ya ajiye ta gefe, a gaban kowa. Ya ja.

Bai bi hanyar gari ba, ya nufi tudun da za a yi ginin. Inda kwalta ta ƙare ya tsaya ya sa ƙafa huɗu, ya riƙe ta a ƙaramar giya. Taɓon jiya yana nan. Motar ta yi gurnani, ta ɗan yi gefe, ta kama, ta hau. A saman ya juya da inji a baya, ribas ɗaya, ko leƙawa bai yi sosai ba. Kawu ya ce, "Kai!" a hankali.

Sai gangaren. Na rufe ido, ba zan ɓoye ba. Ina jin injin yana turo mu ta baya, ina jin motar tana ƙi. Da na buɗe muna kan kwalta, Baba Dogo yana leƙen allurar zafi ta kafaɗar Baba, yana cewa ta ɗan ɗaga, sai an sa lagireton nan kafin a fara aiki.

Da muka tsaya Baba Dogo ya fara aikinsa. Ya ɓata rai, ya ce tayoyin sun ƙare, kujera a yage, mu ma ba wai muna so ba ne, yarinya ce ta matsa. Ba-Matsala yana murmushi yana kallon hannun Baba, wanda har lokacin bai saki sitiyarin ba.

Baba ya ce, "Bar shi, Dogo, yana da ido." Ya dubi dillalin. "Ƙafata ta hagu ba ta taka kuloci. Wannan ce kawai za ta yi mini. Faɗi abin da za ka faɗa."

Ba-Matsala bai rage ko kaɗan ba, haka aka saye ta. Da ƙyar Baba Dogo ya ƙwaci tayoyi biyu na baya. Duk hanyar gida yana mita: "Shekara nawa ina koya maka ciniki, ka tashi ka zubar a minti ɗaya."

Asabar, da rana

Motar tana gareji ana sa mata lagireton. Abin da aka ware don gyaran rufin kicin ya tafi can. Umma ta sa bokiti inda yake zuba.

Na tambayi Baba Dogo ko giyar za ta daɗe. Ya ce, "In ya bi ta a hankali, ya canza mai kan lokaci, za ta kai shi wani wuri. Ba kamar farar ba dai." Na so ya ce wani abu daban.

Lahadi, da yamma

Ciwon kai. Na kwanta tun la'asar.

Litinin, da yamma

Baba ya fita tun kafin in tashi. Na je makaranta, na je wajen Malama, ta yi mini faɗa, na saurara. Duk lokacin da waya ta yi ƙara a ofishin malamai sai gabana ya faɗi.

Ya dawo gab da magariba, siminti har gira. Ya sauko a hankali, yana jan ƙafar fiye da kullum. Ya zauna a tsakar gida ya ce Umma ta ɗora masa ruwan zafi. Muka zuba masa ido muna jira ya ce wani abu game da motar.

Ya ce leburorin Injiniya ba su san aiki ba. Sun makara, yashin da aka kawo duk ƙasa ce, wani ya zuba ruwa ya yi yawa a kwaɓin farko, kuma gobe ma haka za a yi, shi ya sani. Ya yi ta faɗa har aka kwashe kwanuka. Ba wanda ya katse shi.